Shafin da Mai Ya Cinye

Batu Limo, 3 ga Fabrairu

Uda Marjohan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, yayana, kai da matarka Uni Des da yara, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarmu Amak dai gwiwar ce. Ranar da ta sassauta mata sai ta sauka tsakar gida, ranar da ta matsa kuma ta zauna bakin taga tana ba kaji umarni. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko har yanzu ka san hanyar gidan uwarka. Shekara shida ke nan, ita take ƙirgawa, ba ni ba. Maigidana Zulfahmi yana gona, shinkafa ta fara fitar da kai, bana tsuntsaye ne suka sa mu gaba.

Randang ɗin nan, naman kwakwarmu na gida, da kake gani wuni guda muka yi muna juya shi a wuta, kwakwa takwas ya ci, naman kuma ni na zaɓo da kaina. Kada ka juye shi a kwanon sayarwa ka ce wa ma'aikatan gonar manja kai ka dafa.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Wayarka sai ka hau tudu take kamawa, in ta kama kuma ba ka barin mutum ya kai aya. A takarda ba ka isa ka katse ni ba, don haka gyara zama.

Maganar 'yata Ranti ce. Shekara uku ke nan da na cire ta daga makaranta, kuma ka san dalili. Yarinya mai in'ina aka riƙa tsayarwa gaban aji kullum safiya, wai ta yi karatu da ƙarfi bakinta ya saki, yara suna kwaikwayonta har ƙofar gida. Sai da ta yi wata huɗu ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Ni da na yi shekara tara ina riƙe alli, na ce in har ban iya koyar da 'yata ba, to 'ya'yan mutanen da na koyar cutarsu na yi. Yau Ranti shekararta goma sha ɗaya, in ta fara zuba a gidan nan sai Amak ta ce ta yi wa Allah ta numfasa. In'inar tana nan, amma a cikin gida ba ta hana ta komai.

To yanzu majalisar gunduma ta fito da daftarin doka. Duk mai koyar da ɗansa a gida sai ya buɗe ƙofa duk bayan wata uku jami'i ya shigo, ya ga inda yaro yake kwana, ya tambayi abin da yake ci, sannan ya yi masa tambayoyi da baki. In yaro ya kasa sau biyu, a mai da shi makaranta ko iyaye sun so ko ba su so ba. Da baki fa, Uda, gaban baƙon da bai taɓa gani ba. Ba sai na gaya maka abin da wannan yake nufi ga Ranti ba.

Ba rajista muke gudu ba. Sunanta yana wurinsu tun ranar da na cire ta, jarrabawar takarda kuma duk ranar da suka shirya mun shirya. Abin da muka ƙi shi ne a riƙa hawo mana matakala da biro a hannu kamar an kama mu da kayan sata. Mu gida bakwai ne a ƙauyen nan, kowa da dalilinsa. Ɗan Yurnalis asma ce take kayar da shi, 'ya'yan Pak Darwis kuma tsallaken rafi suke, da damina sai su yi sati ba hanya. Mun haɗu mun rubuta takardar koke.

Datuk Panjang, shugaban dattawa, ya ce za su zauna bayan girbi, gunduma kuma ba za ta kawo dokar ƙauyuka ba sai ta ji ta bakinsu. Ka san al'adarmu, gida na mata ne, wato nawa ne da Amak, amma a zauren dattawa bakin gidan nan kai ne. Zulfahmi uban Ranti ne, amma a can baƙo ne, sai dai ya sha shayi ya yi shiru. Kai ne kawunta. Ga kwafin koken na saka maka, ka sa hannu ka dawo da shi. Takarda ta cika, bari in ɗauko wata.

Kada ka sa wa ranka damuwa game da karatun nata. Littafin lissafi ma tun bayan salla muka ajiye shi, har ya yi ƙura, don ta riga ta wuce shi. Yanzu a masaƙa take lissafinta. Amak ta fara koya mata saƙar zaren zinariya, ita take ƙirga zaren tsaye, ta raba, ta fitar da yawan furen da zane zai ɗauka tun ba a jefa ƙoshiya ba. Makon jiya ta kama Amak da kuskuren zare uku, tsohuwa ta wuni ba ta kula kowa ba. Karatu kuwa ta gama duk littattafan da ke kabad ɗin babanmu marigayi Abak, har da na gyaran injin ban ruwa.

Ina jiran amsarka kafin a sa lauje a gona.

Ƙanwarka,
Asnimar

Batu Limo, 12 ga Maris

Uda,

Salamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta kawo shirun nan, don ya yi yawa. Sati biyar ba takarda, ba koke. Amak lafiyarta ƙalau, fushi ma ya ƙara mata ƙarfi. Ranti jikinta lafiya. Bakinta ne.

Yau kwana tara ke nan wani saurayi ya tsayar da babur a ƙofar gida da hantsi, sanye da kakin ma'aikata, da jaka a kafaɗa. Sallama ɗaya ya yi, kafin a amsa ya hawo matakala.

Ya ce, "Ibu, sunana Hendri, daga ofishin ilimi. Zan ga yarinyar da ba ta zuwa makaranta."

Na ce, "Pak Hendri, dokar taku har an zartar ba mu ji ba?"

Ya ce a'a, ba a zartar ba, amma an kai musu magana a kan gidan nan, shi ne aka turo shi ya gwada sabon fom ɗin. Ka ji fa, a kan 'yata za a gwada fom.

Amak ta shimfiɗa tabarma ta ce a kawo shinkafa. Ka san ba a taɓa buɗe magana a gidan nan baƙo bai wanke hannu ba. Sai ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, an hana mu cin komai a gidan da muka je aiki." Amak ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ko ruwa?" Ya ce ko ruwa. Ta ce, "To wanda ya yi dokar nan ba a gida ya tashi ba."

Ya zaunar da Ranti a gabansa, ya kwance agogo ya ɗora a kan jaka, wai minti arba'in aka ba shi. Ya tambaye ta sunanta. Uda, ina kallo harshenta ya maƙale a harafin farko, jijiyar wuyanta ta tashi, idonta yana kan agogon. Ya ɗan jira, ya yi alama a fom. Ya ce bakwai sau takwas. Yarinyar da take raba zare dubu da ɗari shida a ka! Ta sa yatsa ta zana hamsin da shida a kan tabarma, ina gani, shi ma yana gani. Ya ce, "Ki faɗa da baki, ƙanwata, fom ɗin ba shi da gurbin rubutu." Daga nan ya leƙa ɗakin da take kwana, ya tambaye ni sau nawa take cin abinci a rana, ya tambaya ko ubanta yana dukanta. Zulfahmi yana tsaye bakin ƙofa da taɓo a ƙafa yana ji.

Ba zan yi masa sharri ba, yaron ba mugu ba ne. Da zai tafi har ya ce mini, "Ibu, na ga ta sani, amma abin da kunnena ya ji shi zan rubuta." Ya rubuta ta kasa. Ya ce in doka ta fito, wannan zai zauna a matsayin na farko. Saura ɗaya ke nan a mai da ita ajin da ya rufe mata baki.

Tun da ya fita Ranti ta shige ƙarƙashin masaƙa, sai da magariba na jawo ta. Kwana tara ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana saƙa, in tana son abu ta nuna da hannu, irin dai na shekarar nan da ka sani. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma a bayan rumbu na yi shi inda ba za ta gani ba.

Na tambaye shi wa ya kai mu. Ya ce shi dai ya ji an ce wasiƙa ce daga dangi. Dangi! Nan take na san Eti ce, ƙanwar Zulfahmi, don ita ce ba ta da zance a wurin biki sai na cewa na kulle 'yar yayanta a gida. Na same ta a kasuwa gaban masu barkono na wanke ta tas. Ta rantse har da hawaye, ban saurare ta ba.

Ban karaya ba, kada ma ka yi zaton haka. Labarin ya zaga ƙauye kafin la'asar, kuma masu cewa ba ruwansu tunda 'ya'yansu suna makaranta sun fara gane cewa matakalar kowa haka take hawuwa. Daga gida bakwai mun kai goma sha tara. Sa hannunka kawai nake jira.

Asnimar

Na liƙe ambulan ke nan sai ga Buyung, ɗan ƙauyenmu da ke aiki a can wurinku, da takardarka da zanen Amak. Ashe tun ashirin ga Fabrairu ka ba shi, matarsa ce ta haihu a Surabaya ya tsaya suna. Na farke na ƙara wannan. Mai babur ɗin gidan waya yana jira, taka ban ma buɗe ba tukuna.

Gonar manja, Kalimantan, 20 ga Fabrairu

Ƙanwata Nimar,

Wa'alaikumus salam. Mu duk lafiya, alhamdu lillahi. Des tana gaishe ku, ƙaramin ya yi zazzaɓi amma ya miƙe. Ki gaishe da Zulfahmi. Ki ce wa Amak hanya ban manta ba, gidan abinci ne ba ya sakin mutum. In na rufe kwana uku, mutum ɗari biyu za su koma cin taliyar leda, kuma ni za su zaga.

Randang ya iso, na ɓoye shi inda ko Des ba ta sani ba. Amma ke ma dai, malama guda, ba ki san ba a haɗa takarda da randang a kwali ɗaya ba? Murfin gwangwani ya saki a jirgin ruwa. Shafin farko ya tsira, koken ya tsira da ɗan tabo, na biyun kuwa mai ya cinye shi. Na ɗaga shi a rana, na barbaɗa masa gari, layi ɗaya da rabi na samu: wai littafin lissafi tun bayan salla kuka ajiye shi har ya yi ƙura. Sauran duk ƙamshi ne.

Nimar, layin nan ya hana ni sakat. Watanni yarinya ba ta taɓa lissafi ba, kuma ki ce in sa hannu kada kowa ya leƙo?

Ni a nan ina ganin abin da ke ba kya gani. Akwai wani Rustam a sansanin nan, 'ya'yansa uku, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce a gida suke karatu. Karatun nasu shi ne tsintar 'ya'yan manja a bayan uban tun daga asuba har azahar. Babbar shekararta goma sha uku, ba ta iya karanta sunan abinci a allon da na kafa ba, sai dai ta nuna tukunya. Da akwai mai hawa matakalarsu da biro, da abin bai kai haka ba. Ban ce ke Rustam ba ce. Amma doka ba don ke kaɗai ake yin ta ba, kuma uwa takan so ɗanta har ta daina ganin inda ya gaza.

Saboda haka ba zan sa hannu ba tukuna. Ni ne kawunta, in ta tashi ba lissafi ni za a nuna da baki, ba Zulfahmi ba. Tunda ba halin zuwa yanzu, na yi abin da ya dace. Kin tuna Erizal, wanda muke kwana masallaci tare muna yara, mai tsoron kwaɗin nan? Yanzu babba ne a ofishin ilimi. Na rubuta masa jiya, direban manaja ya tafi da takardar birni. Na ce ya leƙo gidan a matsayin aboki, ya ci shinkafar Amak, ya yi hira da yarinyar, ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah. In ya ce lafiya, hannu biyu zan sa miki a koken. Taki takardar Buyung zan ba, jibi zai kama hanyar gida, zai riga Erizal isowa, sai ki shirya masa abin kirki.

Kada ki yi fushi. Wata rana za ki gode mini.

Yayanki,
Marjohan

Batu Limo, 14 ga Maris

Uda Marjohan,

Ina gaishe ka, don Amak ta koya mini gaisuwa. Kowa lafiya. Ranti yau kwana goma sha ɗaya ba magana.

Ka ce zan gode maka. To ga godiyar.

Jiya na hau mota na je ofishin da kaina. Abokinka babba ne, ba shi da lokacin shinkafar Amak. Takardarka ya miƙa wa na ƙasa da shi, na ƙasa ya buga mata hatimi ya sa a fayil, fayil ya haifi Hendri. Abin da nake gaya maka ke nan tun farko. Kai da kyakkyawar niyya ka rubuta, na sani, amma abin da ya shiga ofis ba ya fitowa da fuskar wanda ya aiko shi.

Laifin gwangwani nawa ne, na ɗauka. Abin da mai ya cinye kuwa shi ne: mun ajiye littafin don ta wuce shi, a masaƙa take lissafi yanzu, har Amak take yi wa gyara. Layi ɗaya da rabi ka karanta. Da ka hau tudun nan naka ka kira ni, minti biyu ya ishe mu. Amma ka ga ya fi sauƙi ka tambayi ofis a kan ka tambayi ƙanwarka.

Daga ofis na dawo na dafa shinkafa mai danƙo, na ɗauka a ka har gidan Eti, na durƙusa gaban surukata na ba su haƙuri. Eti ta yafe. Masu barkono dai ba su manta ba.

Maganar Rustam ta taɓa ni, kuma gaskiyarka, yaran nan ana cutarsu. Amma kowa a sansanin ya sani, kai ma ka sani, kullum uban yana cin abinci a hannunka. Me ka taɓa ce masa? Wanda yake auna 'ya'yan manjan da suka tsinto, me ya ce? Ba sai an leƙa ɗakin kwanan kowa ba kafin a gano abin da ake yi da rana tsaka gaban mutum ɗari biyu.

Kana so a sa ido a kan Ranti. Na yarda. Ni ma ban taɓa cewa a bar uwa da ɗanta ba mai tambaya ba. Amma a gidan nan tun kakanni akwai wanda aka ɗora wa wannan aikin, kuma ba da agogo yake zuwa ba. Kawu ake ce masa. Rabonsa da matakalar nan Ranti tana shekara biyar.

Dattawa za su zauna ranar goma ga Afrilu. Sa hannun ma na fasa, riƙe abinka. In kana son sanin ko ta iya lissafi, ka zo ka tambaye ta da bakinka. Mutum ɗari biyun su ci taliya.

Asnimar

Wannan ita kaɗai na aiko, ba randang.

Cikin jirgin ruwa, hanyar komawa, 15 ga Afrilu

Nimar,

Salamu alaikum. Muna hawan kogi yanzu, in rubutun ya karkace laifin injin ne. Da fatan na bar ku lafiya. Ki ce wa Amak maganin gwiwar safe da yamma ne, ba ranar da ta ga dama ba.

Kwana tara na yi a gida kina gaishe ni kamar mai karɓar haraji, kuma na cancanta. Akwai abin da na kasa faɗa a gabanki, akwai kuma wanda ba ki gani ba, shi ya sa na ari dabararki ta takarda.

Kin dai ga tsarabar da na kawo wa Ranti. 'Yar tsana. A tunanina har yanzu shekararta biyar, sai da na ga budurwa ta sauko ta kama hannuna ta kai goshi sannan kunya ta rufe ni. Kwana biyun farko na yi mata tambaya ta fi ashirin ban samu amsar ko ɗaya ba. Amak ta ce, "Kai ma da agogon ka zo? Rufe baki ka ci abinci." Na rufe. Safe, rana, dare, tabarma ɗaya, in miƙa mata barkono ta miƙo mini ruwa, ba wanda ya ce komai.

Rana ta huɗu kin tafi gona kai wa Zulfahmi abinci. Na zauna gefen masaƙa ba aikin fari, na tambayi Amak yawan zaren. Ta ce dubu da ɗari shida da tamanin, fure ɗaya kuma yana cin arba'in da biyar. Na yi lissafi a fili don in nuna ni ma ba baya ba ne, na ce fure talatin da bakwai ke nan. Sai na ji murya a bayana.

"T-talatin da shida, Kawu. B-ba ka cire gefe ba."

Zare talatin kowane gefe. Na sake lissafawa, ni da nake auna shinkafar mutum ɗari biyu kullum. Talatin da shida ne. Ban juyo ba don kada ta ga fuskata. Na ce, "Ke, wa ya gaya miki?" Ta ce zaren ne ya gaya mata. Amak ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Daga nan kuma kin san sauran, tunda kin dawo kin same ta tana bayyana mini yadda injin ban ruwa yake jan ruwa.

Ranar zaman kuna baya kuna fama da tukwane, don haka ga yadda aka yi. Erizal ne ya zo a madadin gunduma. Bayan an ci an wanke hannu Datuk Panjang ya ba shi dama, ya kuwa yi magana mai kyau a kan yaran da ake ɓoyewa a bayan ƙofa. Rabin hujjarsa ni na ba shi a takarda. Da aka zo kan gidanmu na tashi.

Na ce, "Datuk, iyayena dattawa, ba wani ne ya kai gidanmu ofis ba, ni ne. Ni kawun yarinyar nan ne, a gidan aka haife ni. Sai da na yi kwana huɗu, na ci abinci sau goma a tabarma ɗaya da ita, kafin in ji muryarta, kuma maganar farko da ta yi mini gyaran lissafi ne. Jami'inku minti arba'in aka ba shi, ko ruwa an hana shi sha. Erizal, don Allah me zai ji?"

Erizal dai Erizal ne, ya daina tsoron kwaɗi. Ya ce, "Na ji, Marjohan. To yaron da ake cuta fa, wa zai tsaya masa? Kawunnan da ke Kalimantan da Jakarta, masu zuwa bayan shekara shida?" Aka kwashe da dariya, kuma a kaina aka yi ta.

Datuk Panjang ya bari aka gama sannan ya ce, "Tambayar Erizal tana kan hanya. Wanda ya ce kada baƙo ya hau matakalar gidansu, to shi sai ya hau."

A kan haka aka tsaya. Amsar dattawa ga gunduma ita ce ba shiga gida, ba tambaya da baki. Jarrabawar takarda sau ɗaya a shekara a ɗakin taron ƙauye. Kowane gida mai koyarwa zai ba da sunan kawun da zai zo da ƙafarsa sau biyu a shekara, ya kwana uku aƙalla, ya tsaya gaban dattawa ya faɗi abin da ya gani. In bai zo ba, ko maƙwabta suka kawo ƙorafi, dattawa da kansu za su kira ofis. Aka zagayo da takarda. Na rubuta sunana a gaban na Ranti. Sau biyu a shekara, Nimar, kuma ban gaya wa Des ba tukuna. Erizal ya ce zai kai, amma bai yi alkawarin za a karɓa ba.

Gobe in Rustam ya zo cin abinci, ni da shi akwai magana. Akwai benci a bayan kicin da ba kowa a kansa daga azahar zuwa la'asar, Des kuma ta iya koyar da karatu.

Ki yafe mini. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Yayanki,
Marjohan

Batu Limo, 20 ga Mayu

Uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, a shafa mini kan ƙaramin. Mu lafiya lau, an gama girbi, tsuntsaye sun ci rabonsu sun bar mana namu. Amak tana shan magani safe da yamma, amma ta ce in gaya maka ba don kai ka ce ba.

Gunduma ta jingine daftarin, ta ce a gwada tsarin dattawa shekara ɗaya a ƙauyenmu da wasu biyu. Ba a gama ba ke nan, sauran ƙauyukan suna nan ana ja, ni da Yurnalis kuma duk ranar kasuwa muna kan hanya. Amma ina da yaƙinin abin da ya yiwu a Batu Limo zai yiwu a wurinsu.

Hendri ne ya kawo takardar. Wannan karon a ƙasan matakala ya tsaya, ya yi sallama sai da aka amsa. Amak ta leƙo ta taga ta ce, "Yau bincike ne ko saƙo?" Ya ce saƙo ne kawai, Kaka. Ta ce, "To wanke hannu." Ya ci har da ƙari. Ya nuna mini fom ɗin Ranti, Erizal ya ja wa "ta kasa" layi ya sa hannu a gefe. Jarrabawar takarda watan gobe ce, ba na ko ɗar.

Maganar yafiya kuwa, tun ranar da na dawo daga gona na jiyo muryarta daga bakin shinge na yafe. Ban dai ga dalilin gaya maka da wuri ba.

Randang yana kwali daban. Wannan takardar leda uku na naɗe ta. Akwai mai son ƙara magana a ƙasa.

Ƙanwarka,
Asnimar

Kawu,

Ina gaishe ka da Uni Des da ƙannena. 'Yar tsanar tana nan, na saƙa mata zane mai fure huɗu.

Ga tambayarka ta zuwa mai zuwa. Zare dubu da ɗari tara da ashirin, gefe arba'in-arba'in, fure ɗaya yana cin arba'in da shida. Kada ka aiko da amsa a takarda. Da baki za ka faɗa, a nan, bayan mun ci abinci. Ka riga ka kasa sau ɗaya, saura ɗaya. In ka sake kasawa ba za ka koma ba, a gida za mu riƙe ka mu koyar da kai.

Kaka ta ce Allah Ya sa ka kasa.

Ranti